Makullin Filin Wasa Ba a Hannun Mutum Ɗaya Yake Ba

Duk wanda yake Garwa, a arewacin Kamaru, ranar 11 ga Janairun 2022 ya san yadda gari ya koma. Najeriya ta kara da Masar a filin Rumde Ajiya, Kelechi Iheanacho ya jefa ƙwallo ɗaya tilo, kuma har dare ya raba 'yan acaɓa na busa ham a kan titi. 'Yan uwa daga Yola da Mubi sun cika gidajenmu, wasu a zaure suka kwana. Filin nan da aka gina tun 1978 an sabunta shi saboda gasar cin kofin Afirka, an shimfiɗa ciyawa kore shar a garin da rana ke ƙone komai, an kuma gyara filayen atisaye irin na Pumpumre da na cibiyar horar da malaman motsa jiki ta CENAJES. Na yi murna a lokacin, har yau kuma ina ganin Garwa ta cancanci abin da ta samu. Nan aka haifi marigayi Issa Hayatou, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017. Nan ne gidan Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun nahiyar a 2008. Daga wannan ƙungiya Vincent Aboubakar ya fita, shi da ya ci wa Kamaru ƙwallon kofi a ragar Masar a 2017. Gari irin wannan bai kamata ya rasa filin da zai nuna wa baƙo ba.

Amma gasar ta ƙare ranar 6 ga Fabrairu, baƙi suka watse, aka ja ƙofa. Abin da ya rage mana shi ne tambayar yau da gobe. Yaron da ke Lainde ko Jambutu, in ya taso makaranta, ina zai buga ƙwallonsa? Ƙanwarsa fa? Mahaifiyarsu da aka auna a asibiti aka ce jininta ya hau, ta riƙa tattaki kullum, ina za ta taka ba tare da ta zama abin kallo ba? Babu ɗaya daga cikinsu da ciyawar Rumde Ajiya za ta amfana kai tsaye, kuma ba laifin filin ba ne, domin ba don wannan aka gina shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni a 2020: babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuma ya samu minti 60 a kowace rana. Binciken da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan ma'auni, kuma 'yan mata sun fi yawa, kashi 85, maza kashi 78. Alƙaluman duniya ke nan, sai an yi hattara wajen ɗora su a kanmu. Matar da ke ɗebo ruwa daga mayo, wato rafi, ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗauko itace, ba ta rasa motsa jiki ba, hutu ta rasa. Manomin auduga a wajen Pitowa ba ya bukatar a ce masa ya yi gudu da safe. Wanda motsi ya ƙaurace wa shi ne mutumin birni: ɗan kasuwar da ya hau babur daga ƙofar gida zuwa rumfa ya wuni a zaune yana shan shayi mai sukari, ma'aikacin ofis, da matar aure da iyakar tafiyarta daga ɗaki zuwa madafa. Su ne hawan jini da ciwon suga ke bi a hankali. Talaka kuma, wanda jikinsa bai taɓa zama ba, abin da aka hana shi daban ne: wasa don jin daɗi, shiga ƙungiya, malamin da zai koya masa, da damar a ga baiwarsa in yana da ita. Rashin daidaito iri biyu ke nan a unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Talauci yana ƙarƙashin komai. Ƙidayar halin rayuwar iyalai da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a 2014 ta nuna kashi 37.5 na 'yan Kamaru suna cikin talauci, amma a jihar Arewa abin ya kusa kashi 68, a Arewa Mai Nisa kuma ya haura 74, yayin da Yawunde da Duwala ba su kai kashi 6 ba. A gidan da ake lissafin kuɗin cefane da dala-dala, takalmin ƙwallo ba ya shiga lissafi. Wannan kowa ya sani, kuma babu kwamitin unguwar da zai gyara tattalin arziƙin ƙasa. Shi ya sa na fi son a duba abubuwan da ke hannunmu, waɗanda ba kuɗi ne kan gaba a cikinsu ba. Idan aka bi yaran da ba sa wasa ɗaya bayan ɗaya aka tambayi dalili, galibi amsar tana komawa ga wuri, ko lokaci, ko izini. Kuma kowanne daga cikin waɗannan yana hannun wani mutum daban. Jauro da lawan, wato mai unguwa da dagaci, su suka san ƙasa. Shugaban makaranta ke riƙe da makullin farfajiya. Malamin allo ke da yammacin yara. Uba da miji ke ba da izini, liman kuma ke faɗa musu ko abin ya halatta. Magajin gari ke da kasafi da hatimi. Kowannensu zai iya hana abu shi kaɗai, amma babu wanda zai iya samar da shi shi kaɗai. Daga nan bukatar haɗin kai ta taso, tun kafin masu ba da tallafi su mayar da kalmar abin rubutawa a takardun neman kuɗi.

A unguwar da na tashi akwai wani fili a bayan gidajenmu, ƙasa ce mai yashi da bishiyar tsamiya a gefe. Tun muna yara muke kafa duwatsu biyu a matsayin raga. Babu wanda ya taɓa tambayar na wane ne, domin a ganinmu na kowa ne. Wata shekara bayan damina muka wayi gari an kafa siminti a kusurwoyinsa huɗu, kafin rani ya fita an yanka shi fuloti-fuloti. Mun yi surutu, mun je wajen manya, aka nuna mana takarda. Wanda ya saya bai yi sata ba, ya bi hanya ya biya kuɗinsa. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne an shekara da shekaru ana wasa a wurin, mutum ɗari sun amfana, amma ba a samu biyar da suka zauna suka nemi a rubuta filin da sunan jama'a ba. Tun dokokin filaye na 1974, takardar mallaka da ake kira titre foncier ita ce hujjar da hukuma ta sani. Filin da ba shi da ita, komai daɗewar da yara suka yi suna gudu a kansa, yana nan ne kafin mai kuɗi ya gan shi. Garwa kuwa faɗaɗa take yi ta kowane gefe, haka Marwa da Ngaundere, kuma sababbin unguwanni su suka fi rasa fili, domin ana yanka su ne gida na manne da gida ba a bar ko sararin sallar Idi ba.

A nan doka ta ba da ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba. Kundin dokar ƙananan hukumomi na Disambar 2019 ya sanya raya wasanni da samar da filayen unguwa cikin ayyukan da aka miƙa wa kananan hukumomi. Garwa tana da uku, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ga kuma ofishin magajin babban birni. Ma'ana akwai wanda za a je wa, kuma yana kusa. Sai dai magajin gari ba zai fito yana neman filin da zai kare ba, ga rijiyoyi, ga kwalbatoci, ga ɗakunan karatu suna jiransa. Sai an je masa da magana a dunƙule: ga fili, ga amincewar jauro a rubuce, ga sunayen masu amfani da shi, ga ƙungiyar da ta ɗauki nauyin kula da shi. Dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta Disambar 1990 ta sauƙaƙa wannan na ƙarshe, domin sanarwa ake kai wa ofishin prefe, babban jami'in gwamnati na yankin, tare da tsarin mulkin ƙungiya da sunayen shugabanni. Matasa goma da ke ƙorafi a majalisar shayi ba su da wanda zai amsa musu. Waɗannan goman dai, da rasit ɗin rajista da dattijo ɗaya a gaba, ana ba su kujera a ofis.

Akwai kuma filayen da suke nan amma a kulle. Kusan kowace babbar makarantar gwamnati tana da farfajiya, wasu har da filin ƙwallon hannu ko na kwando, kuma daga tashin ɗalibai har wayewar gari babu kowa a ciki, haka Asabar da Lahadi, haka dogon hutu. Na sha jin ana zagin shugabannin makarantu a kan wannan, amma na zauna da wasunsu na ji ta bakinsu. In aka fasa taga, shi za a tambaya. In yaro ya karye a harabar, shi za a kira. In masu shan tramol suka mayar da bayan aji mafaka, sunansa ne zai ɓaci. Tsoronsa gaskiya ne, kuma ba a cire shi da roƙo. Ana cire shi ne da yarjejeniya: ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar, wadda dama ita ke biyan malaman wucin gadi a wurare da dama, ta sa hannu tare da kwamitin unguwa a kan ranaku da sa'o'i, a ambaci sunan babban mutumin da zai tsaya a kowace rana, a faɗi wanda zai biya in an yi ɓarna, a kuma ƙara wa maigadi ɗan abin goro saboda aikin da ya ƙaru masa. Wannan ya fi gina sabon fili araha nesa ba kusa ba.

Sai lokaci, wanda baƙo daga kudu ba ya saurin fahimta. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40. Daga hantsi zuwa la'asar babu mai hankalin da zai sa yaro gudu. Abin da ya rage shi ne bayan asuba zuwa fitowar rana, da kuma ɗan tsakanin nan daga la'asar sakaliya zuwa magariba, wanda bai fi awa ɗaya da rabi ba. A cikin wannan ɗan lokaci ne makarantar allo da Islamiyya ke zama, a cikinsa ake aiken yara, a cikinsa ake ɗora tukunyar dare. Fili ɗaya, awa ɗaya da rabi, unguwa guda. Wa zai samu? Wanda ya fi ƙarfi. Samari 'yan shekara ashirin su zo su kori ƙanana, ƙananan su koma lungu da ƙwallon tsumma suna kauce wa babura. Ba mugunta ba ce, haka abin yake tafiya duk inda babu tsari. Jadawali da aka rubuta aka manna a jikin bishiya, wanda sarkin samari da malamin allo suka amince da shi, yana iya ba ƙanana Alhamis da Juma'a, ranakun da makarantar allo ke hutu. Fitilu huɗu masu aiki da hasken rana kuma suna ƙara wa fili awa biyu bayan isha'i, lokacin da iska ta yi sanyi. Duk wanda ya ga yadda samari ke cika fili da dare a watan azumi ya san bukatar tana nan.

Maganar 'yan mata ita ce ta fi nauyi, kuma ita aka fi gudu a taro. Yarinya tana gudu da tsalle daidai da ɗan'uwanta har zuwa shekara tara ko goma. Daga nan sai abubuwa su taru mata: wanke-wanke, reno, talla, sannan jiki ya fara canzawa, sannan maganar mutane. Uwa ba ta ƙin lafiyar 'yarta. Abin da take tsoro shi ne a ce an ga 'yar wance da gajeren wando tana tsalle gaban maza, maganar ta kai gidan da za su nemi aurenta. Wanda bai ɗauki wannan tsoro da muhimmanci ba ba zai taɓa fitar da yarinya ɗaya zuwa fili ba, ko da ya zo da ƙwallaye cike da mota. Na ga an gwada. An zo da riguna da alluna masu rubutun Faransanci, an ɗauki hoto da 'yan mata talatin, bayan wata biyu ba a samu biyar ba, saboda ba a zauna da iyaye ba kuma filin a bakin titi yake.

Abin da ake mantawa shi ne 'yan matanmu ba baƙin motsa jiki ba ne. Iyayenmu mata sun yi gaɗa a dandali da farin wata har gumi ya jiƙa su, sun yi carafke, sun yi 'yar gala-gala, sun yi tsallen igiya. Dandalin ne ya mutu, wani ɓangare saboda an gine shi, wani ɓangare saboda tsaro, wani kuma saboda talabijin da waya, kuma ba a maye gurbinsa da komai ba. Samari sun samu ƙwallo, 'yan mata suka samu tsakar gida. Don haka idan ana maganar wasan 'yan mata, gyaran abin da ya ɓace ake yi, kuma faɗin haka a gaban dattawa yana sauya yadda suke sauraro.

Addini ma bai tsaya a hanya ba kamar yadda wasu ke zato. Malamanmu sun san hadisin tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha, sun kuma san wanda ya fifita mumini mai ƙarfi. Abin da suke tambaya shi ne sutura, da cuɗanya da maza, da lokacin salla. Duka ukun ana iya biya musu. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince da rufe kai a fili, kuma a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023 'yar Maroko Nouhaila Benzina ta buga da hijabinta duniya na kallo. A nan gida Ajara Nchout, wadda ta ci New Zealand ƙwallo biyu a gasar 2019 ta kai Kamaru zagaye na gaba, sunanta kaɗai ya isa yarinya Musulma ta ji abin bai fi ƙarfinta ba. Amma ba buri na ke nan ba a ce kowace yarinya ta zama Ajara. Burina ta samu farfajiya mai katanga, sau biyu a mako, da mace a tsaye a kanta, da dogon wando da riga mai faɗi, a tashi kafin kiran magariba. Idan liman ya faɗi a bakinsa bayan salla cewa ya je ya ga wurin kuma ya gamsu, ya yi aikin da takarda ɗari ba za ta yi ba. Shi ya sa ake shigar da shi tun ranar farko, a nemi shawararsa a kan tsari, kada a bari sai an gama a zo neman albarka.

Macen da za ta tsaya ita ce ƙashin bayan abin, kuma ita ce ta fi wuyar samu. Garwa ta yi sa'a da cibiyar CENAJES, ɗaya daga cikin 'yan cibiyoyin ƙasar da ke horar da malaman motsa jiki da masu kula da matasa. Ɗalibanta suna bukatar wurin gwajin aiki, unguwanni suna bukatar mai koyarwa, tazarar da ke tsakaninsu wasiƙa ce da ziyara. Akwai kuma abin da iyaye ke saurin ji: motsa jiki darasi ne da ake jarrabawa a kansa a jarrabawowin sakandare, wato BEPC da probatoire da bakaloriya. Yarinyar da ba ta taɓa gudu ba sai ranar jarrabawa tana zubar da makin da ɗan'uwanta ke kwasa a sauƙaƙe. Uban da ba ya son jin maganar wasa yakan saurara in an ce masa maki ne.

Matan aure kuwa hanyarsu tana cikin abin da suke da shi. Kowace unguwa tana da adashi, tana da ƙungiyar biki, tana da makarantar matan aure. Mata goma da suka saba haɗuwa suna iya ƙara rabin awa na tattaki a harabar makaranta bayan asuba, ko motsa gaɓɓai a tsakar gidan da ya fi faɗi. In ma'aikaciyar asibitin unguwa ta zo sau ɗaya a wata da abin awon jini, mazan da suka yi shakka za su ga lamba a takarda, su ga ana maganar lafiyar uwar 'ya'yansu ne.

Yanzu ga inda haɗin kai kan karkace. Ba mu rasa kuɗin wasa a garuruwanmu gaba ɗaya ba. Duk dogon hutu, Yuli da Agusta, ana gasar hutu a unguwanni da ƙauyuka, wani babban ɗan gari ya sa kofi da kuɗi, a yi wasan ƙarshe da kiɗa da jawabai. Ina son waɗannan gasa, suna raya gari, suna hana samari zaman banza, daga cikinsu ake tsinto wasu 'yan wasa. Amma a duba inda kuɗin ke tafiya: kyautar zakara, rumfa, lasifika, abincin manyan baƙi. Duka a kan samari maza masu lafiya waɗanda dama suna wasa. Ranar da aka miƙa kofi an gama, fili ya koma yadda yake, ko turken raga ba a bari ba. Haka ma ƙungiyoyin manya masu buga ƙwallon safiyar Asabar da Lahadi, waɗanda ake kira deux-zéro, wato biyu da nema. Su ne suka fi kowa tsari a harkar wasan unguwa: suna da ma'aji, suna da kuɗin wata, suna da tarar makara, suna kai wa juna gudummawa in an yi haihuwa ko rasuwa. A cikinsu akwai malamai, 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, wato mutanen da ofis ke buɗe wa ƙofa. Sai dai tsarin nasu ya tsaya a kansu. A ce ƙungiya mai mutum 40 ta ƙara sefa 500 a kan kuɗin watan kowa, jaka 20 ke nan a wata, ya isa ƙwallaye da alawus ɗin mai koyar da ƙanana. A ce mai ɗaukar nauyin gasar hutu ya ware kashi ɗaya cikin biyar ya sa a abin da zai zauna, turaku ko fitila ko gyaran katanga, ya kuma sa sharaɗin duk unguwar da za ta shiga ta kawo ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 13. Kuɗin ba su ƙaru sosai ba, amma waɗanda suka shiga sun canza.

Wannan shi ne haɗarin kowane kwamiti: waɗanda suka zo taro su ne waɗanda dama suke cikin harkar, kuma kowa bukatarsa yake gani. In aka kira taro da Faransanci a ɗakin taron magajin gari da ƙarfe goma na safe, an riga an tace masu zuwa. Mai talla ba za ta zo ba, gurgu ba zai hau matakala ba, malamin allo ba zai ji abin da ake faɗa ba. A garin da Fulatanci ne harshen kasuwa, Hausa kuma ke biye a unguwanni da yawa, taron da ake son jama'a su yi magana a cikinsa da waɗannan harsuna ake yinsa, a ƙofar gidan jauro, bayan la'asar, a kuma yi na mata daban a cikin gida, wata ta kawo abin da suka ce. Siyasa ma tana shiga. Da zarar an ga kwamiti na ɗan jam'iyya kaza ne, rabin unguwa ya janye. Maganin da na ga yana aiki shi ne a raba muƙamai tsakanin mutanen da ba sa cin tuwo a kwano ɗaya, a riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a duk wata, ko da jaka biyar ce ta shigo.

Masu naƙasa da almajirai su ne ba a ko ambata. Kamaru tana da dokar kare masu naƙasa tun 2010, ta kuma fara zuwa gasar Olamfik ta naƙasassu a Landan a 2012, amma saurayin da shan inna ta kama a unguwarmu iyakarsa bakin fili. A Najeriya guragu sun ƙirƙiro ƙwallonsu da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya, kuma ba ta bukatar komai sai daɓen siminti, irin wanda ke filin ƙwallon hannu na makarantu. Almajiri kuwa yana wuni yana tafiya, motsi bai dame shi ba, amma bai taɓa sa rigar ƙungiya ba, ba a taɓa kiran sunansa a jerin 'yan wasa ba. Malaminsa ne ƙofa. Haka yaran da rikicin Boko Haram ya koro daga kan iyaka zuwa Mora da Mokolo da Marwa, waɗanda suka zauna a gefen gari ba su san kowa ba. Fili yana cikin 'yan wuraren da yaro baƙo ke samun aboki ba tare da an tambayi asalinsa ba.

Kuma ba dole sai ƙwallo ba. Ƙwallon ƙafa ta cinye mana tunani har mun manta da langa, wadda ba ta bukatar ko sisi, da kokawa, wadda Hausawa suka iya, ƙabilun Masa da Tupuri na yankin Yaguwa da Kaele kuma suka mayar da ita abin alfahari. Issa Hayatou kansa ɗan tsere ne a mita 400 da 800 kuma malamin motsa jiki kafin duniya ta san shi da ƙwallo. Wasannin makarantu na FENASSCO suna da tsere da tsalle da ƙwallon hannu da kokawa, kuma yaron da ba shi da ƙafar ƙwallo yana iya samun kansa a ɗaya daga cikinsu in an ba shi wurin gwadawa. Da'irar yashi guda tana ɗaukar yara ashirin a sararin da bai kai kwata na filin ƙwallo ba, abin da ke da muhimmanci a unguwar da fulotai suka cinye.

Yadda za a gane ko ana ci gaba ba shi da wuya. Littafi ɗaya na makaranta ya isa, a rubuta sunan duk wanda ya zo, shekarunsa, da unguwarsa. Bayan wata uku a zauna a duba: mata nawa, 'yan ƙasa da shekara 12 nawa, nawa ne daga bakin gari, nawa ne ba su taɓa shiga wata ƙungiya ba kafin yanzu. In sunayen su ne dai waɗanda aka sani tun da, to an ƙara wa mai shi ne, sai a koma a tambayi waɗanda ba su zo ba abin da ya hana su. Wannan littafin kuma shi ne hujjar da za a ajiye a teburin magajin gari.

Sai a kula da kalanda. Majalisar ƙaramar hukuma tana zartar da kasafin shekara mai zuwa ne a ƙarshen shekara, don haka bukatar da aka kai a Janairu za ta jira wata goma sha ɗaya. A kai ta tun Satumba, ta hannun kansilan unguwa, a riƙe kwafi mai hatimi. Kafin takardar fili ta fito, wadda kan ɗauki lokaci, akwai abin da ake iya yi da hannu: a shuka darbejiya a kewaye da filin, da sanin jauro da maƙwabta, domin ta zama iyaka da kowa ke gani, ta kuma ba da inuwar da masu kallo da masu jiran layi za su fake. A shuka ta a Yuni ko Yuli, ruwan damina ya kafa mata saiwa, a kare kowane dashe da ƙaya saboda awaki, a kuma raba wa ƙungiyoyin yara bishiyoyin tun ranar shuka, kowace ta san nata da za ta yi wa ban ruwa daga Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwan farko.